Kafin Ka Sauke Manhajar Karanta Littattafai A Wayarka

A ranar 30 ga Nuwamba, 2023, OkadaBooks ta rufe harkokinta bayan shekara goma tana sayar da littattafai ta waya. Okechukwu Ofili ne ya kafa ta a 2013, kuma marubutan Hausa, musamman mata masu rubuta ƙagaggun labarai, sun ci kasuwarta matuƙa. Can suke ɗora littattafansu, masu karatu su biya 'yan ɗaruruwan naira su karanta. Da labarin rufewar ya bazu, marubuta suka shiga neman inda za su koma da hajarsu. Shi kuwa mai karatu, tambayar da ta dace ta tsaya masa a rai daban ce: littafin da na biya kuɗina na saya, a ina yake zaune, a wayata ko a rumbun kamfani? Wanda bai taɓa yi wa kansa wannan tambaya ba bai fara zaɓen manhajar karatu ba tukuna, ko da kuwa ya sauke guda biyar.

Ba sai an faɗa ba, karatun Bahaushe ya koma waya. A shekarun baya kusan kowace unguwa a Kano da Zariya da Katsina tana da mai ba da hayar littattafai, matan aure su aiki yara su karɓo musu na ɗaya, gobe a mayar a karɓo na biyu. Yau takarda ta yi tsada, shagunan sun ragu, littafin ya shige aljihu. Idan ka leƙa wayar ɗalibar jami'a ko ta matashin malamin Islamiyya, za ka tarar da kaya iri-iri jibge a wuri guda: labarin Hausa da aka turo a zauren WhatsApp, takardun darasi da malami ya raba, Risala ko Ishmawi da aka ɗauki hotonsu shafi-shafi, ga kuma wani littafin Turanci da aboki ya tura ta Xender. Mafi yawan mutane ba su zaɓi abin da suke buɗe waɗannan da shi ba. Ko dai abin da ya zo da wayar ne, ko WPS Office da mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa ya sa musu. WPS tana aikinta, amma domin aikin ofis aka gina ta, rubuta wasiƙa da lissafi. Zaman karatu na awa biyu ba shi ne sana'arta ba.

Daga littafin ake fara zaɓe, ba daga manhajar ba. Sai ka san irin fayil ɗin da suka fi yawa a wayarka kafin ka san abin da zai buɗe maka su cikin daɗi.

Wanda kowa ya sani shi ne PDF, wanda kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993. Manufarsa ita ce shafi ya fito yadda aka tsara shi ko a wace na'ura aka buɗe, kada layi ya gusa, kada hoto ya motsa. Wannan ne amfaninsa, kuma shi ne wahalarsa. Shafin da aka tsara domin babbar takardar A4, idan aka matse shi a fuskar waya mai inci shida, sai rubutun ya koma mitsi-mitsi. Ka buɗa shi da yatsu biyu, rabin layi ya ɓuya. Ka ja dama ka karanta, ka dawo hagu ka nemi inda ka tsaya. Mutum ya yi shafi goma a haka, ido ya gaji, wuya ya ƙage, ya ce karatu a waya ba shi da daɗi, alhali ba laifin wayar ba ne.

EPUB, wanda ya fito a 2007, an yi shi ne domin maganin wannan matsala. Rubutunsa kamar ruwa yake, kowace ƙwarya ka zuba shi sai ya ɗauki siffarta. Ka ƙara girman haruffa, layuka su sake jeruwa da kansu daidai faɗin wayarka, ba ja dama ba ja hagu. Dattijon da idonsa ya fara rauni zai iya mayar da haruffan manya-manya ya yi karatunsa ba tare da ya nemi jika ya karanta masa ba. Ga shi kuma ba shi da nauyi: littafin labari sukutum, in babu hotuna, da wuya ya wuce megabait ɗaya ko biyu, alhali littafin da aka ɗauka a hoto yakan kai hamsin ko fiye. Ga mai wayar Itel ko ƙaramar Tecno da kullum take kukan wuri ya cika, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Kada a ɗauka PDF ya zama abin yarwa. Ɗalibin da yake rubuta kundin digiri yana bukatar lambar shafi da ba ta canzawa, domin ita zai kafa hujja da ita, a EPUB kuwa lambar takan sauya da zarar an taɓa girman rubutu. Haka littafin lissafi mai jadawali da zane, haka tsofaffin littattafan fiƙihu masu jar takarda, waɗanda matani yake gefe sharhi yake tsakiya. Irin waɗannan, in aka warware tsarin shafinsu an ɓata su. Abin da suke bukata shi ne fuska mai faɗi, wato kwamfutar hannu mai inci takwas ko goma, da manhajar da ta iya yanke farin gefen shafi domin rubutun ya cika fuskar. Akwai kuma gwaji mai sauƙi da ya kamata kowa ya sani. Ɗora yatsa a kan wata kalma a cikin PDF ka danne. Idan kalmar ta yi launi, rubutu ne na gaske, za ka iya neman kalma a cikinsa, ka ja layi, ka kwafa. Idan ba ta motsa ba, hoto ne kawai, kuma neman kalma a cikinsa ba zai yiwu ba sai an bi da shi ta wata manhaja mai gane haruffa. Shi ya sa ɗaliban Larabci da dama suke haɗawa da Maktaba Shamila, wadda rubutunta bugagge ne ana iya bincike a ciki, kuma littattafanta da yawa suna bin lambar shafin bugun takarda.

To, su kansu manhajojin gida biyu ne, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa domin a ido duk kamarsu ɗaya. Gida na farko na masu sayar da littafi ne: Kindle ta Amazon, Kobo, Google Play Books, Apple Books, da irin su Wattpad da ArewaBooks da marubutanmu suke amfani da su. Manhajar kyauta ce, domin ribar tana wajen littafin, ko wajen talla. Gida na biyu kuwa ba sa sayar da komai. Aikinsu kawai su binciko littattafan da suke cikin wayarka, su jera maka su, su buɗe: ReadEra, Moon+ Reader, Librera, Lithium, FBReader, KOReader.

Littattafan da ake saya a manyan kantunan gida na farko, galibinsu a kulle suke da wani makulli da ake kira DRM. Ma'anarsa, littafin ba zai buɗu ba sai a manhajar kamfanin, da asusunka. Abin da ka biya kuɗi a kai izinin karantawa ne, ba mallakar fayil ba, kuma wannan a rubuce yake cikin sharuɗɗan da muke danna amincewa ba mu karanta ba. Tarihi ya nuna abin da hakan yake nufi. A watan Yulin 2009 Amazon ta shiga na'urorin Kindle na mutane daga nesa ta goge wasu littattafan George Orwell da suka saya, ciki har da 1984, saboda wanda ya ɗora su a kantin ba shi da haƙƙin sayarwa. An mayar wa mutane kuɗinsu, shugaban kamfanin ya ba da haƙuri, amma duniya ta ga cewa hannun mai kanti yana kaiwa har cikin aljihun mai saye. A 2019 Microsoft ta rufe kantinta na littattafai, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗewa, ta biya su kuɗinsu. A watan Fabrairun 2025 kuma Amazon ta cire hanyar da masu saye suke bi su sauke littattafansu a kwamfuta su ajiye. Waɗannan manyan kamfanoni ke nan masu ƙarfin mayar da kuɗi. Ƙaramin kamfani idan ya durƙushe, ba lallai ne ya iya ba.

Ba cewa nake a guje su ba. Marubuciyar da ta kwana tana rubutu, washegari ta ga littafinta yana yawo kyauta a zaurukan WhatsApp ashirin, tana da dalilin son makulli, kuma ina bayanta a kan haka. Ta waɗannan manhajoji ne kuɗin mai karatu yake isa hannun marubuci, su ne kuma suke tuna maka shafin da ka tsaya idan ka bar waya ka koma kwamfutar hannu. Google Play Books ma tana barin mutum ya ɗora nasa EPUB da PDF ya same su a duk na'urar da ya shiga da asusunsa. Abin da nake cewa shi ne mutum ya san cinikin da ya yi. Labarin da za ka karanta sau ɗaya ka wuce, ba damuwa ka saye shi a kulle. Littafin da za ka riƙa komawa gare shi shekara da shekaru, nemi wanda za a ba ka fayil ɗinsa a hannu, ko ka sayi na takarda. An kuma yi fama da matsalar biyan kuɗi, domin akwai shekarun da bankunan Nijeriya da yawa suka taƙaita sayayya da dala ta katin naira, wanda ya sa kantunan waje suka yi wa mai karatunmu nisa, dandalin gida mai karɓar tiransifa ya fi masa sauƙi.

Ga mafi yawan masu karatun Hausa, waɗanda littattafansu fayil-fayil ne a cikin waya, gida na biyu ne ya fi dacewa ya zama na kullum. ReadEra tana buɗe PDF da EPUB da MOBI da DjVu da takardun Word da rubutu zalla, ba ta neman rajista, kuma ko ta kyautar ba ta sa talla. Buɗe takardun Word da rubutu zalla ɗin nan yana da muhimmanci a wurinmu, domin a haka yawancin labaran Hausa suke yawo. Moon+ Reader ta fi ta yawan wuraren gyare-gyare, daga launin shafi zuwa tazarar layi zuwa yadda ake juya shafi, sai dai ta kyautar tana da talla. Lithium ƙarama ce mara nauyi, amma EPUB kaɗai ta sani. KOReader kyauta ce gaba ɗaya, masu sa kai ne suke gina ta, ta ƙware wajen yanke gefen PDF da sake jera layukansa, sai dai tana son mai haƙurin koyo, domin maɓallanta suna da yawa. Mai iPhone kuwa Apple Books tana nan a wayarsa, tana buɗe EPUB da PDF, ta ishe shi farawa.

Akwai jarrabawar da babu mai sharhin manhajoji a Amurka ko Ingila da zai yi mana ita, sai mu da kanmu. Samu littafin Hausa da aka rubuta bisa ƙa'ida, ka buɗe, ka duba haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ da ake amfani da ita a Nijar. A wata manhajar za su fito sumul kamar sauran. A wata kuwa sai ka ga ɗan akwati a gurbin harafin, ko ka ga harafin ya fito da wata siffa dabam, ya fi 'yan uwansa kauri ko tsawo, saboda salon rubutun da aka zaɓa ba shi da shi, wayar ta aro daga wani. Maganin wannan shi ne manhajar da take barin ka canza salon haruffa, ko ka sa naka. Noto na Google, da Charis da Andika da Gentium na cibiyar SIL, duk kyauta ne kuma suna ɗauke da haruffanmu. Moon+ Reader da KOReader suna karɓar salon da ka sa musu da kanka.

Wani lokaci kuwa laifin ba na manhaja ba ne. Duk wanda ya saba karanta tsofaffin maƙalu da kundayen Hausa a waya ya taɓa cin karo da "}asa" a maimakon ƙasa, "]aya" a maimakon ɗaya, "~angare" a maimakon ɓangare. Asalin abin shi ne, a shekarun 1990, kafin tsarin Unicode ya game ko'ina, sai da aka ƙirƙiri salon haruffa na musamman domin buga Hausa a kwamfuta, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na cikin waɗanda suka yi wannan hidima. An ɗora haruffan masu lanƙwasa ne a kan maɓallan baka da makamantansu. Aikin ya fitar da mu kunya a zamaninsa, amma idan aka buɗe irin wannan rubutu a na'urar da ba ta da salon, sai bakan su bayyana tsirara. Ko ka canza manhaja goma ba za su gyaru ba, sai an koma an gyara fayil ɗin. Wannan aiki ne da yake jiran sassan Hausa na jami'o'inmu da kamfanonin ɗab'i, domin akwai ilimi mai yawa da yake kwance a cikin irin waɗannan fayiloli.

Mai karanta Larabci ko Ajami shi ma ya yi tasa jarrabawar. Ya duba ko layi yana tafiya daga dama zuwa hagu, ko haruffa suna haɗuwa ba su tsintsinke ba, ko wasulla suna zaune a inda ya kamata. Ga Ajami akwai salon Alkalami da SIL ta yi bisa rubutun hannu irin na Kano, da kuma Harmattan da aka yi domin harsunan Afirka ta Yamma. Game da muryar da take karanta littafi a bayyane, wadda take da amfani sosai ga masu larurar gani, kada a sa rai da yawa a Hausa tukuna. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, muryoyin da suke zuwa da yawancin wayoyi kuma da lafazin Turanci suke karanta shi.

Sai maganar talla, wadda nake ganin an raina illarta. Manhajar da take katse ka da bidiyo duk bayan 'yan shafuka tana cin datarka, tana shan cajinka, tana kuma raba ka da natsuwar da karatu yake bukata. Wani tallan ma bai dace yaro ya gani ba, ga shi kuwa a gidaje da yawa waya ɗaya ce uwa da 'ya'ya suke karatu da ita. Kafin ka amince da kowace manhaja, kashe data ka buɗe littafi. Idan ta buɗe lafiya lau, ta ci rabin jarrabawa. Idan ta tsaya tana neman intanet kafin ta nuna maka abin da yake cikin wayarka, ba ta dace da ƙasar da sabis yake zuwa yana ɗaukewa ba. Sannan ka duba izinin da take nema. Manhajar karatu tana bukatar ganin fayilolinka, shi ke nan. Ba ta da hurumi da lambobin mutanenka, ko saƙonninka, ko inda kake tsaye. Mun ga abin da wasu manhajojin ba da bashi suka yi da lambobin mutane a ƙasar nan, suna aika wa dangi da abokai saƙon tozarci. A Play Store ake cika samun manhajoji masu suna irin na tarin littattafan Hausa, wasu na kirki, wasu kuwa littattafan mutane ne aka kwashe ba izini aka lulluɓe da talla. Haka kuma manhajar da wani ya tura maka ta Xender yana cewa an buɗe mata duk abin da ake biya, ba ka san abin da aka cusa a cikinta ba.

Ido da batir, maganarsu gajera ce. Rage hasken fuska ya yi daidai da hasken ɗaki, ka zaɓi launin shafi mai ruwan ƙasa-ƙasa da rana. Baƙin shafi da farin rubutu yana rage shan caji a waya mai fuskar AMOLED, amma a fuskar LCD, wadda ita ce a yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi, bambancin kaɗan ne, domin fitilar baya a kunne take ko yaya launin yake. Likitocin ido suna ba da shawarar duk minti 20 mutum ya ɗaga kai ya dubi abu mai nisan ƙafa 20 na daƙiƙa 20. Wani bincike da aka yi a asibitin Brigham and Women's da ke Boston, aka buga a 2015, ya gano cewa waɗanda suka yi karatu a iPad kafin kwanciya sun ɗauki kimanin minti goma fiye da masu karanta takarda kafin barci ya ɗauke su. Mutum goma sha biyu kacal aka gwada, amma masu raba dare suna bin labari babi bayan babi su yi la'akari.

Manhaja mai kyau ba ta halatta littafin sata. Littattafan kyauta na halal suna da yawa: Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a 1971, yana da sama da 70,000 waɗanda wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare, African Storybook kuma yana da labaran yara da Hausa waɗanda aka ba da izinin a sauke a raba. Amma dokar Nijeriya tana kare littafi har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa. Abubakar Imam ya rasu a 1981, don haka Magana Jari Ce da ake ta turawa a waya har yanzu bai zama na kowa da kowa ba, balle littafin marubuciyar da take raye, take biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta da abin da alƙalaminta ya kawo. Idan ta ce a biya ɗari biyar, a biya. Su ma marubuta da masu ɗab'i lokaci ya yi da za su riƙa fitar da EPUB tare da PDF. Manhajar Calibre ta kwamfuta kyauta ce, tana mayar da takardar Word zuwa EPUB cikin 'yan mintuna.

Da za a tambaye ni, zan ce mai wayar Android ya fara da ReadEra a matsayin ta kullum, ya ƙara manhajar dandalin da marubutan da yake so suke sayar da littattafansu, ya tsaya a nan. Ya tara littattafansa a jaka guda mai suna a cikin wayar, maimakon ya bar su warwatse a cikin WhatsApp, inda sharar wuri guda ɗaya za ta iya tafiya da su. Ya kwafe jakar a katin memori ko a Google Drive, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Kuma kafin ka ba kowace manhaja amana, mai karatu, gwada ta da littafin Hausa guda, da na Larabci guda, da PDF mai nauyi guda, data a kashe. Wadda ta buɗe ukun nan ba gardama, riƙe ta, ka goge sauran.